Ƙaryar da Na Koya wa Ɗiyar Ƙanwata

Akwai wata safiya a lokacin cirar auduga wadda ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin za ta bar kaina. Shekaru sun shuɗe, yaƙi ya tashe mu daga ƙauyenmu da ke kudu da Hajj Abdalla, yanzu ina zaune a Damazin wajen ɗana, har na fara manta sunayen mutanen da muka ci tuwo kwano ɗaya da su. Amma wannan safiyar tana nan daram. A ranar ce na koya wa yarinya 'yar shekara shida ƙarya, kuma ina koya mata ina ganin aikin lada nake yi.

Ni mai lalle ce. A ƙauyenmu babu amaryar da ke fita sai ta bi ta hannuna, kuma ni ke haɗa wa mata dukhan, wato turaren hayaƙin nan da mace ke zama a kan rami ta lulluɓa da bargo har fatarta ta yi ja ta yi ƙamshi. Mai irin wannan sana'a tana ganin jikin mata yadda ko iyayensu ba sa gani. Na ga abubuwa da yawa, ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ina taƙama da hakan. Idan mata suka ce, "Ai ita cikinta rijiya ne," sai in ji kaina ya fasu. Allah ya yafe mini, a lokacin na ɗauka rufe baki shi ne dukan mutunci.

Ina da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye ta. Ta auri wanda ta zaɓa da kanta, kuma gaskiya ba wanda ya ga laifin zaɓin. Direban tarakta ne, mai fara'a, mai son yara, irin mutumin da in ya shigo gida sai ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su. Duk shekara yakan tafi manyan gonakin da ke bayan Damazin aikin riɗi da dawa, ya yi wata uku ko huɗu. A can ana aiki tun fitowar rana har faɗuwarta, kuma direbobi na miƙa wa juna wata ƙwaya da suke kira kharsha, wai tana kashe gajiya. A shekara ta uku ya dawo mana a rame, ido jawur, muƙamuƙinsa na motsi shi kaɗai. In ya samu ƙwayar sai dariya da surutu. In bai samu ba, komai laifi ne: shayi ya yi zaƙi, ƙofa ta yi ƙara, yarinya ta kalle shi.

Ranar da ƙanwata ta fara yin yaji, ta shigo gidana ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Mu kuma muna da tsarinmu da muka gada, muna kiransa judiyya. Dattawa za su zauna a rumfar Kawu, wan mahaifiyarmu, a sha gahawa, a yi wa miji faɗa, ya ce ya tuba, a shafa Fatiha. Bayan kwana uku a mayar da mace ɗakinta, amma ba haka kawai ba. Sai an yi mata lalle da dukhan kamar sabuwar amarya, don wai zuciyar miji ta yi laushi. Wannan kuma aikina ne. Ni na zaunar da ita a kan ramin, ni na ga shatar bulala a gadon bayanta. Da na zo wuyan hannunta inda jini ya kwanta, sai na cika wurin da zane mai kauri, baƙi ƙirin, yadda ba wanda zai gane. Sau uku aka yi wannan zaman, sau uku ina shafe shaida da hannuna, ina ce mata ta kai zuciya nesa.

Mai karatu zai ce, me ya hana ku kai ƙara? Sai wanda ya tashi a cikinmu zai gane. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka, suka tsaya cirar auduga don su sami guzuri, guzurin bai taɓa cika ba, suka haihu a nan suka mutu a nan. Ni a nan aka haife ni, uwata ma haka. Duk da haka mun tashi da tsoron ofis. Mun ji ana cewa in ka shiga wurin hukuma, kafin a tambaye ka me ke damunka za a tambaye ka wane ne kakanka, ina takardar zama ɗan ƙasa. Kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, akwai waɗanda aka wulaƙanta haka. Shi ya sa Kawu kan buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Maganarmu ba ta zuwa hukuma. Mi yah haɗa mu da su?" Da abin mijin ƙanwata ya yi yawa, wurin malam aka kai shi, aka ce iska ce. Ya riƙa shan rubutu da safe, ƙwaya da azahar.

To, a safiyar da nake ba ku labari, muna cikin hawasha, wato gonar da aka ba mijina a tsarin noman Jazira, mu mata kusan goma, kowa da buhunta a kugu. Rana ta ɗan ɗaga sai na hango ƙanwata tafe a kan gaɓar ruwan ban-ruwa, ɗiyarta na biye da ita. Yarinyar ta tallafe hannunta na hagu da na dama ta manna shi a ciki. Ba ta kuka. Wannan ne ya fara faɗar mini da gaba, domin yarinya ce da ko ƙaya ta taka sai an ji ta a gona ta uku.

Na ja su bayan tarin buhuna. Ƙanwata ta faɗa mini ƙasa-ƙasa. Uban ya ɓoye ƙwayoyinsa a cikin gwangwanin ganyen shayi, yarinyar ta gani, ta kwashe su ta je ta watsa a ruwa. Da ya tashi ya nema bai gani ba, ita da kanta ta ce, "Ni na zubar, su ke sa ka faɗa." Ya cafki hannun ya murɗe. Na ɗaga hannun rigar, wurin ya kumbura sumtum, ga sawun yatsu a jere, huɗu a sama, ɗaya a ƙasa.

Abin da ya fara zuwa kaina maɗorin ƙauyenmu ne, tsoho mai riƙe sirri kamar ni. Aka ce ya tafi ta'aziyya can garin Kamlin, sai bayan kwana uku. Hannu kuma ba zai jira kwana uku ba. Dole muka hau amalanken jaki muka nufi ƙaramin asibitin da ke ƙauyen Larabawa maƙwabtanmu, wanda muke kira shafakhana. Duk ramin da amalanken ya faɗa sai yarinyar ta runtse ido ta cije leɓe. Ni kuwa ba ciwonta nake tunani ba, wallahi. Tunanina me za mu ce.

Muka tarar da wata ma'aikaciya cikin farin mayafi irin na matan da ke aikin gwamnati, da tabarau, tana Larabci irin na 'yan birni. Ban taɓa ganinta ba, ashe sabuwar zuwa ce. Ta tambayi abin da ya faru, na yi caraf na riga kowa, na ce da Larabci yarinya ce ta faɗo daga kan jaki. Ta duba hannun a hankali, ta juya shi, ta daɗe tana kallo. Sai ta durƙusa daidai tsayin yarinyar ta ce, "Ya ƙaramata, ke faɗa mini da bakinki."

Yarinyar ta ɗago ta kalle ni. A nan na yi abin da muka saba yi a gaban duk wani mai farin kaya. Mu a wurinmu Hausa ɗakinmu ne na ciki, da ita muke shawara a gaban ɗan sanda, a gaban mai awon auduga, muna murmushi ba su san me ake ciki ba. Na saki fuska kamar mai rarrashi, ina shafa kanta, na ce da Hausa, "Ce mata bisa jaki kih hwaɗo. In kin ce Baba, kama shi za su yi, mu kuma su kore mu daga garin duka." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta maimaita da Larabci, a hankali, yadda na koya mata.

Matar ta miƙe. Ta ɗaure hannun da katako da bandeji, ta ba ta maganin zafi, ta ɗauko alewa a aljihun tebur ta ce ta je baranda ta zauna wurin mai shara. Ta wanke hannu, ta turo ƙofa, ta jawo kujera ta zauna a gabanmu. Sannan ta cire tabarau ta dube ni, ta ce da Hausa tsantsa, irin ta kakata:

"Yaya, jakin garinku yatsu biyar gare shi?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe 'yar Hausawan bakin kogin Shuɗin Nilu ce, ita ma uwarta cirar auduga ta yi har ta tsufa. Mu da muka ɗauka duk wanda ya sa farin mayafi ya zauna bayan tebur ba namu ba ne, ban taɓa kawo wa raina ɗiyarmu za ta iya kai wa can ba.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta juya ga ƙanwata ta ce, "Ƙanwata, ɗan sassauta mayahin nan in gani." Ƙanwata ta sauke shi. Matar ta duba wuya, ta duba kafaɗa, ta kama wuyan hannu ta kai shi wurin haske, inda zanena na ƙarshe ya fara dusashewa, tabon da ke ƙasa ya fito. Ta ce, "Wa ka yi miki lalle? Tana da hannu."

Ni da baki ba ya mutuwa, sai kunyar ta koma faɗa. Na ce, "Ke ɗiyarmu ce, kin san al'adarmu. Ba mu kai maganarmu hukuma. So kike a tona mana asiri, a tambaye mu takarda, a ce mu koma inda ko hanyarsa ba mu sani ba?"

Ta ce, "Yaya, to ni mi ce? Yau ni ce hukumar, ga ni gabanki. Wallahi ba wanda zai tambaye ku kakanku, in kuma an tambaya ni zan amsa." Ta yi mana bayani a tsanake. Hannun sai an ɗauki hotonsa a babban asibitin birnin Madani. A can akwai ofishi da mata ke zama, aikinsu sauraron mata da yaran da ake cuta a gida, a ɗaki rufe, ba a gaban jama'a ba. Shi kuma mijin, ta ce ba iska ba ce, ciwo ne, akwai likitan da ke duba masu shan ƙwaya, ana warkewa, sai dai ba mai iya sha masa maganin. Ta dubi ƙanwata ta ƙara da cewa, "Ke babba ce, ba ni tilasta ki kan naki. Amma yarinya ba ta da mai tsaya mata, abin da nig gani sai na rubuta."

Sai ta yi wata tambaya da a zama uku na dattawa, da gahawarsu da Fatiharsu, ba wanda ya taɓa yi. Ta ce wa ƙanwata, "Ke, mi kike so?"

Ƙanwata ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Na buɗe baki zan amsa mata kamar kullum, matar ta ɗaga mini hannu. Can sai ƙanwata ta ce, "So nike in kwanta ba sai na sa ɗiyata tsakanina da bango ba." Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ban taɓa bari ta yi a gidana ba, saboda kullum cewa nake ta yi shiru maƙwabta na ji.

Washegari muka hau mota zuwa Madani, mu uku da takardar da matar ta rubuta. Kafin mu fita na buɗe akwatin uwata na ɗauko wata tsohuwar takarda mai hatimi, da ban ma san me aka rubuta a ciki ba, na ƙulle ta a gefen mayafi don ko da za a tambaya. Hoton ya nuna karaya a hannun. Ya kuma nuna wani abu da ba mu je nema ba: tsohuwar tsagewa a ƙashin kusa da gwiwar hannun, wadda ta haɗe da kanta a karkace. Na tuna lokacin. Watanni kafin nan an ce mini ta faɗo daga kan gado, ni na shafa mata man riɗi na ɗaure da tsumma. A raina na san ba gado ba ne, na ƙi tambaya don kada a ba ni amsa.

Ofishin da muka yi shekaru muna tsoro ɗaki ne ƙarami mai fanka da kujerun roba. Wata mata mai ƙiba ta ba mu ruwan sanyi, ta ba yarinyar takarda da fensir ta yi zane, ta saurari ƙanwata fiye da awa guda ba ta katse ta ba. Ta tambayi sunanta, da ƙauyenmu, da ko tana da inda za ta zauna lafiya. Na ce gidana. Har muka fito ba wanda ya ambaci kakanmu, takardar uwata kuwa a ƙulle ta je, a ƙulle ta dawo.

Ba zan ce daga nan komai ya zama daɗi ba. Kawu ya yi shekara guda ba ya amsa gaisuwata. Mata suka ɗauke ƙafa daga gidana, aka ce rijiya ta fara ambaliya, har wata amarya aka kai ƙauyen gaba a yi mata lalle, aka dawo da ita da zane kamar sawun kaji, abin da ya ɗan sanyaya mini rai. An kira mijin, an sa shi ya yi alkawari a rubuce ba zai kusance su ba, an nuna masa hanyar likita. Da farko ya ƙi, ya zo ƙofar gidana da rana tsaka yana zagi har mijina ya fito masa. Daga baya uwarsa, tsohuwa mai hankali, ta kama hannunsa ta kai shi Madani da kanta. Ya yi magani, ya koma ruwa, ya sake komawa magani. Auren dai bai tashi ba, ƙanwata ta ce ta yafe masa amma ba za ta koma ba, wannan karon kuma ba wanda ya ce in haƙa mata ramin dukhan.

Ban tsane shi ba. Bayan wasu shekaru na gan shi a kasuwar Hajj Abdalla yana sayar da tumatir, ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Ya gaishe ni ya kasa ɗaga kai, ya tambayi hannun yarinyar, hawaye na zuba a kan gemunsa. Na tuna mutumin kirkin da ƙanwata ta zaɓa, na ce a raina da tun zaman farko aka kai shi wurin likita maimakon rumfar Kawu, wataƙila da yau yana tare da iyalinsa. Shi ma shirunmu ya cuce shi.

Matan kuma sun dawo, ɗaya bayan ɗaya. Wasu lalle ya kawo su. Wasu sai an gama, ana jiran ya bushe, za ka ji an yi ƙasa da murya an ce, "Yaya, wai ɗakin nan na Madani, ta wace ƙofa aka shiga?" Na raka mata huɗu da ƙafata kafin yaƙi ya raba mu.

Yarinyar yanzu budurwa ce, ita da uwarta suna nan tare da mu a Damazin. Hannun hagun ba ya miƙewa sosai, saboda waccan tsohuwar tsagewar da na shafa wa mai. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, na ɗauka ma ta manta. Kwanakin baya da la'asar muna tsakar gida muna yanka kuɓewa za mu shanya, sai ta ce, cikin Hausarta mai gauraye da Larabci, ba tare da ta ɗago ba, "Halti," haka 'ya'yan yanzu ke kiran yayar uwa, "kin tuna ranar da matar nan ta tambaye ni?" Na ce na tuna. Ta ce, "Na so in hwaɗi gaskiya. Ba Baba nike tsoro ba, shi ba ya wurin. Idonki nig gani."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe tun tuni, ta ci gaba da yankanta. Ni ce na kasa ci gaba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, asirin da nake taƙamar rufewa ba na ƙanwata ba ne, ba na ɗiyarta ba ne, na dukan ne, kuma duk ranar da na rufe shi ƙara masa kwana nake yi. Taimako yana nan kusa, tafiyar amalanke ce kawai, tsoron da muka gada ne ya hana mu zuwa. Don haka duk wadda yaro ya ɗago ya kalle ta kafin ya amsa tambaya, ta san maganar a hannunta take. Kada ta yi abin da na yi. Ta ce masa, "Faɗi gaskiya, ina nan tare da kai."